Igiyar da Ta Kada Inna

Jiya na ga sa yana jan igiyar guga, sai Inna, uwar mahaifina, ta faɗo mini a rai. Zanenta kullum ƙamshin daddawa da hayaƙi. Takan ce, "Tsoho sau ɗaya yake faɗuwa."

Muna tare a rijiyar Ɗan Gulbi ranar da ta faɗi. Kowa ya san mai kora sa yakan yi kira kafin ya ja. Wani baƙo mai raƙuma bai yi ba, ya kora raƙuminsa kawai. Igiya ta kwashe ƙafafunta, tulunta ya fashe, ƙugunta ya karye. Baƙon ya ce, "Ku janye tsohuwar nan, ta tare hanya."

Ba ta ga yankan gero ba.

Allah ya jiƙanki, Inna. Shi kuwa, Allah ya ba shi tsawon rai, ya faɗi inda babu mai ɗaga shi.