Robar Motar da Ta Faɗi

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, Baba direban babbar mota ne, yana ɗauko siminti daga Legas zuwa Kano, don a lokacin ko'ina ka duba gini ake yi. Gidanmu yana Fagge, ni da ƙannena da Inna da mahaifiyar Baba, Kaka Yagana. Tun tana amarya aka kawo ta daga Barno, amma har ta rasu harshenta bai gama sakin Barbarci ba.

Wata tafiya Baba ya wuce ranar da ya ce zai dawo, kwanaki suka yi ta wucewa babu labari. A cikin kwanakin nan ne gugan fatar rijiyarmu ya ruɓe, gindinsa ya fita. Kaka ta ce ba za ta jira kowa ba. Ta yafa mayafi, ta ja hannuna muka tsallaka Sabon Gari, layin masu faci, inda tsofaffin tayoyi suke jibge sun fi tsayin mutum. Robar cikin tayar babbar mota take nema, don ita ce mai kaurin da zai ɗauki ruwa.

Wani mai faci ya fito mata da wata kusan sabuwa, sai dai gefenta a yage yake, ga alamar ƙuna. Kaka ta juya ta, ta shinshina, ta tambaye shi daga wace mota ta fito. Ya ce wata ce ta faɗi a hanyar Zariya, ai roba roba ce, Hajiya. Ta ajiye ta a hankali, ta goge hannunta a zane, ta zaɓi wata tsohuwa mai faci a jiki, wadda ya rantse tsufa ne kawai ya kashe ta.

Bayan sallar isha'i aka kwashe tuwo, amma Kaka ta hana a kashe wutar murhu. Ta wanke robar da toka, ta riƙa gasa ta daga nesa har ta yi laushi, ta shata ta da gawayi, sannan ta kama yanka da wuƙa, tana tsoma ta a ruwa don kada ta cije. Gefe ga basilla da siraran igiyoyin da ta tsaga daga robar, ga zoben ƙarfen tsohon gugan da za ta ɗinke a baki. Warin roba mai ɗumi ya cika tsakar gida. Inna tana zaune bakin ƙofar ɗaki, kunnenta yana zaure. Ni ce na tambayi Kaka abin da ya sa ta ƙi wadda ta fi kyau.

"Ga wata nan tafe," in ji ta, yadda ta saba buɗe tatsuniya, "ku matso ku tarbe ta." Muka ce ta iso lafiya.

Wai an yi wani baduku, Tanko, wanda fata ta yi masa tsada ya koma yanka takalmin taya. Wata rana yana dawowa daga cin kasuwa sai ya ga motar fasinja ta kife a kwari. An riga an kwashe mutanen, saura takalma warwatse da ɗaurin kayan da ba masu shi. Taya ɗaya tana sama, lafiyarta ƙalau. Ya duba gabas ya duba yamma, ya kwance ta ya gangaro da ita gida. Tsabar kyanta, ya yanka wa kansa takalmi daga ciki.

Da dare ya cire su a bakin ƙofa suna kallon ɗaki. Da asuba ya same su sun juya suna kallon titi, da ya taɓa kuma ya ji su da zafi kamar yanzu suka sha tafiya. Matarsa ta kai su juji ta binne. Washegari ga su a bakin ƙofa, da ƙasa a jikinsu. Tanko ya yi fushi, ya ce shi ya yanka su da hannunsa, ya zura ƙafa.

Nan Kaka ta sassauta murya, wuƙar tana tafiya a cikin robar. Ta ce takalman suka kama shi suka hau titi. Yana so ya tsaya, ba dama. Ya wuce garinsu, ya wuce na gaba, yana roƙon mutane su riƙe shi, duk wanda ya miƙa hannu sai ya kama iska. Rana ta faɗi yana gudu. Ba su tsaya ba sai a bakin kwarin nan. Da ya ɗaga kai sai ya ga mutane zaune a jere a gefen hanya, kowa da ƙunshinsa a cinya, ba mai motsi, ba mai ƙifta ido. Wata tsohuwa a cikinsu ta juyo.

"Sannu da zuwa, ɗana. Tun tuni muke jira. Ka kawo mana ƙafar motarmu?"

Ƙanwata ta cusa kai a cinyata. A daidai nan aka yi sallama a zaure, muryar namiji, ba ta Baba ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Inna ta miƙe, ta koma ta zauna. Kaka ce ta ajiye wuƙar ta fita. Muna jin maganarsu ƙasa-ƙasa, muna jin tana maimaita innalillahi.

Malam Bukar ne, abokin aikin Baba. Tayar gaba ce ta fashe wa Baba bayan Kontagora, motar ta kwanta. Mutumin da ya rage wa hanya, wanda ke zaune kusa da shi, ya rasu nan take. Baba yana asibiti da karaya a cinya, amma da ransa, kuma shi ya aiko a faɗa mana. Kaka ta dawo ta zauna ta ɗauki basilla. Ta soki yatsa, amma ba ta tashi ba sai da ta gama ɗinke gugan.

Ba ta ƙarasa tatsuniyar ba a daren. Da na matsa mata bayan wani lokaci, sai ta ce a gajarce Tanko ya roƙi gafararsu, ya yanke maɗaurin takalman da wuƙarsa, ya bar musu kayansu ya koma gida ba takalmi, ƙafa duk jini. Ta ce iyakarta ke nan, in tashi in ba ta wuri.

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kayan matattu suna bin mutum, na daɗe ba na yarda in kwana takalmina yana kallon ƙofa. Sai da na girma, na san zaman jiran wanda ya hau hanya, na gane halin da Kaka take ciki a daren. Ɗanta take gani a cikin waɗanda ke zaune a bakin kwarin, ba ta da wanda za ta faɗa wa, sai ta faɗa mana a tatsuniya.

Baba ya dawo yana ɗingishi, bai sake tuƙi ba. Ya kafa rumfa a Sabon Gari yana yanka takalma da guga daga tsofaffin tayoyi, da sana'ar ya aurar da mu duka. Shi ma bai taɓa sayen tayar motar da ta yi haɗari ba, komai arharta. Na taɓa tsokanarsa ko tsoron tatsuniyar Kaka yake ji. Bai yi dariya ba. Ya ce ba ya tsoron roba, amma ya san a kan kowace irin wannan taya akwai wanda ya zauna yana lissafin isa gida, kuma shi ba zai iya sa mata wuƙa ba.