Takardar da Aka Miƙo Mini a Juye

Ba zan manta da ranin shekarar da masara ta yi mana kyau ba. An gama kaka, rumbuna sun cika, samari sun rasa aikin yi, kowa sai zancen farauta. A lokacin ne ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ya zo ya durƙusa ya ce yana son bin mafarauta dajin kudu, tafiyar sati uku. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa bindigar toka da karnuka biyu, saboda haka magana a hannuna take. Na san idan na hana shi, wata rana zai tafi ba sallama. Sai na ce ya je, amma ni zan zaɓi wanda zai bi.

Ayari biyu ne za su tashi. Na farko na wani matashi ne daga wajen Makarfi, mai babbar mota da riguna iri ɗaya, sunansa kawai samari ke ji. Na biyu na wani dattijo ne a Kurmin Kogi, mai tsohuwar mota da yawan ƙa'ida. Ɗana kuwa ayarin matashin yake so. Abin da ke damuna shi ne hanya. Yanzu idan mutanen gari suka ga baƙi cikin mota da bindigogi, ba sa tsayawa tambaya.

Matashin ya zo har zaure, ya gaishe ni da ladabi. Na tambaye shi ko yana da takardar izini. Ya yi dariya ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, ga ta har da hatimi." Ya miƙo mini ita a juye, don bai zaci zan duba ba. Ni kuwa shekara biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci. Na juya ta, na sa yatsa ina bi a hankali. Da Hausa take. Izinin gadin gonar rake ne, na wani mutum dabam, shekararta uku. Ban kunyata shi ba. Na mayar masa, na ce Allah ya ba da sa'a.

Kwana biyu bayan haka na hau mota zuwa Kurmin Kogi. Dattijon ya fito da wasiƙar hakimi da sunan kowane ɗan ayari, ya ce shi ba ya shiga daji sai ya gaida sarkin garin da ke kusa, an ba shi ɗan jagora. Ya ƙara da cewa, "Idan ɗanki mai gaggawa ne, Hajiya, ki riƙe abinki." Wannan maganar ce ta sa na ba shi ɗana.

Ɗana ya tafi yana fushi, ko waiwaye bai yi ba. A kwana na goma labari ya iso cewa 'yan sintirin wani gari sun tare motar mafarautan yankinmu, sun yi musu duka, sun tsare su. Ba wanda ya san wane ayari ne. Wayar ɗana ba ta shiga. Kwana uku ina ɗora tukunya ina saukewa ban ci ba.

Ran nan da la'asar ina shanya kuɓewa sai ga kira. Muryarsa ce. Ya ce su ma an tare su a wurin, amma dattijo ya miƙa wasiƙa, aka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har ruwa aka ba su. Ɗaya ayarin ne aka riƙe, kuma dattijon ne ya tsaya musu har aka sake su. Sannan ya ce, "Inna, me kika gani a takardar matashin nan?" Na ce in ya dawo zan koya masa dubawa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ba mutum ɗanka, ka karanta abin da ya miƙo maka, ko da yana murmushi. Washegari da safe na dafa ɗan wake, na sa mayafi, na kai wa malamar da ta koya mini karatu.