Danƙon da Mai Amya ke Yarwa

Mai Amya dai ba wanda bai san shi ba, tun yana saurayi yake kiwon ƙudan zuma, hannunsa duk tabon harbi, har ana cewa in zuma ta harbe shi ita ke jin zafi. Akwatunansa na katako suna jere a bayan gida ƙarƙashin bishiyoyi, kowanne da dutse a kan murfi, kuma wallahi ba abin da yake so a duniya kamar ya ji an ce ana sallama da Mai Amya. Sai ya fito a hankali yana goge hannu kamar wani likita.

To akwai wani baƙin danƙo da ƙudan ke kwasowa daga jikin itatuwa suna liƙe duk wata kafa ta akwati, don kar iska da ruwa da tururuwa su shiga. Shi haushinsa yake ji don yana riƙe masa murfi, in ya buɗe sai ya kankare na bakin da wuƙa ya yar.

Ana nan sai ƙanwarsa ta dawo gidan bayan mijinta ya rasu, Auta ake ce mata duk da furfurarta. Ita ta fara bin bayansa tana tsince abin da ya yar tana tarawa a gwangwani.

"Auta, shara kika koma tsinta?"

"Sharar taka ƙamshi gare ta, Yaya."

Wai surukarta ce ta koya mata, a daka a kwaɓa da ɗan mai a shafa a ciwo. Wani direba maƙwabcinsu dasashinsa ya kumbura har ba ya iya tauna, ta ba shi ya shafa, kumburin ya saɓe, ko danƙon ne ko lokacin saukarsa ne ya yi Allah masani, amma bakin direba ai rediyo ne. Kafin ka ce me, mai ciwon maƙogwaro, mai gyambo, mai tari, kowa sai ƙofar gidan.

In Mai Amya ya ji sallama ya fito yana goge hannu, sai a ce, "Sannu Baba, Auta na ciki?" Kai! Ranar da wata mata ta nuna shi ta ce wa ɗiyarta ga yayan mai danƙon nan, ranar ko abinci bai ci ba. Ya zauna a benci yana ta magana shi kaɗai, zumar wa, akwatin wa, wa ake harba, ni ko ita?

Rannan Auta ta tafi kasuwa da safe, sai ya kunna hayaƙi ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana kankara, ba bakin murfi kaɗai ba, kusurwa, tsaga, har ƙofar da ƙudan suka rage wa faɗi, duk ya kankare tas. In danƙo ake so a zo wajen mai shi. Shi fa ya fi kowa sanin ba a yi wa amya tsirara ga damina ta kawo kai, amma hassada in ta hau mutum ba ta barinsa ya ga gabansa. Ya cika bokiti ya tura ƙarƙashin gado.

Ruwa ya sauko, danshi ya shiga, tururuwa suka yi layi kamar an gayyace su. Ƙudan ƙananan akwatunan suka daure suna ta faci, amma babban, wanda ya gada wajen babansu, wata rana da tsakar rana sai aka ji guuu kamar injin niƙa, ƙudan suka fito baƙi ƙirin suka yi sama. Ya bi su ba takalmi yana ku dawo ku dawo. Suka zaga gidan, suka zo suka sauka a wani tsohon akwati da ya yar a gindin tagar Auta, inda take ajiye gwangwanayenta, ƙamshin danƙon ne ya ja su.

Auta ta leƙo ta taga. "Yaya, baƙi na yi?"

"Nawa ne!"

"To kira abinka mana."

Ya tsaya yana kallonsu suna shiga suna fita, can ya ɗauko dutse ya ɗora a murfin don kar iska ta ɗage, ya je ya jawo bokitin nan daga ƙarƙashin gado ya koma bayan gida yana cusa danƙon a tsagogin sauran akwatunan da babban yatsa, ƙudan na harbinsa ko kore su bai yi ba.

Yana cikin haka sai ya ji daga ƙofa, ana sallama da Mai Amya. Zuciyarsa ta yi fari, ya miƙe ya fito a hankali yana goge hannu.

Direban ne da wani baƙo, direban ya ce, "Sannu Baba. A'a, Mai Amya macen muke nema."