Kawun da Yake Gyara Mana Kwanan Wata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha biyu ga watan da ya wuce, aka bugo mana waya cewa Allah Ya karɓi ranka, Kawu. Umma, yayarka, tana zaune a falo ta riga ta zuba shayi kofi biyu tana jiran sallamarka.

Ban san ta inda zan fara ba, don haka bari in fara da tsohuwar kwamfutar nan da Baba ya rasu ya bar mana. Ta tsufa tukuf. Fankarta na gurnani, burauzarta, wato manhajar shiga intanet, kan sandare a tsakiyar aiki, wani lokaci ta rufe kanta ba ko sallama. Amma da ita Umma take ganin autanmu da ke aiki a ƙasar waje, domin idonta ba ya iya ƙaramin allon waya. Mu mun sha cewa a jefar da ita. Kai kuwa sai ka gyara zaman tabarau, ka share tarkacen da burauzar ta tara, ka rufe shafukan da jikoki suka bari a buɗe, kana lallashinta kamar mai jinyar tsohuwa.

Ciwo ɗaya ne ka ƙi warkarwa. Ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, saboda haka duk sanda aka kunna ta sai ta koma wata shekara can baya, burauzar kuma ta ƙi buɗe komai, ta ce agogonmu ya makara. Kullum da safe sai ka biyo, ka saka kwanan watan ranar, ka sha shayi, ku yi ta musu da Umma a kan abin da bai kai ya kawo ba. Har yara suka laƙaba maka Kawu Agogo, kana amsawa.

Wata rana na ƙosa, na ce ai batirin nan a bakin titi ma ana sayar da shi. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, “In na canza shi, 'yar nan, da wace hujja zan riƙa zuwa wa Yaya kullum? Ai sai ta ce na mai da ita marar lafiya.” A lokacin dariya na yi. Ka san tun bayan Baba, Umma ba ta yarda a tausaya mata, amma tana yarda a zo gyara.

Bayan an watse daga zaman makoki, autanmu ya aiko cewa yana son ganin fuskar Umma. Na kunna kwamfutar, ta nuna tsohuwar shekararta kamar kullum. Umma ta matso ta karanta. Shekarar da Baba yake raye ce, kai ma kana raye. Wallahi na so in bar ta haka, amma in na bar ta, uwa ba za ta ga ɗanta ba.

“Saka na yau,” in ji Umma. “Haka zai yi.”

Na rubuta ranar da babu kai a cikinta, shafin ya buɗe, fuskar autanmu ta bayyana, muka yi kuka mu uku.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo matarka, da 'ya'yanka, da Umma wadda ta rasa ƙani kuma abokin hira. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Batirin yana nan ban canza ba. Ni nake zuwa da safe yanzu, Umma kuma tana zuba kofi biyu.