Tsatsar da Yaya Haruna Bai Ƙarasa Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Haruna, maƙerin gwangwani a Kasuwar Umdurman. Allah ya karɓi abinsa a shekarar da aka jefa makamai kan masana'antar magani ta Bahri. Ya bar mana almakashin ƙarfe da wata 'yar mota mai tsawon kamu guda, bai gama ta ba.

Amininsa Malam Idi, wanda suka yi cirar auduga tare a yankin Jazira, yana da tsohuwar boksi, akori-kurar da yake jigilar mutanen unguwar Mayo da ita. Yaya ya ara, ya kifar da ita, ba ta sake tashi ba. Malam Idi ya koma dako. Bai nemi diyya ba, bai kuma ce ya yafe ba. Yaya ya yi alkawari sai ya mayar masa da motarsa. Da hali ya gagara, sai ya ƙera ƙaramarta da gwangwanin mai, tayoyin ya yanko daga tsohon silifas.

Ƙirar wata biyu ta ci. Tsufar da ita kuwa, har ajali ya zo yana kai. Na taɓa ce masa, "Yaya, kowa gyara yake, kai kana ɓatawa?"

Ya ce, "Sabuwar mota ta kowa ce. Ta Idi ita ce mai tabo."

Dabarunsa ya rubuta su da ajami a bayan kwali: ruwan gishiri don tsatsa, shayi mai kauri don fenti ya koɗe, ƙaro don ƙura ta kama. Yau kasuwar cike take da motocin roba masu sheƙi, raksha, babur mai ƙafa uku, kuma ta mamaye titi. Nakan so in san me zai ce. Ina jin zai sayi ɗaya ne, ya zauna yana nazarin inda za ta fara tsufa.

Na daɗe ina tsoron taɓa aikinsa. Amma alkawari kaya ne, ga Malam Idi ya fara kwanciya ciwo. Bara na bi rubutun, na shafa wa motar ƙasar ƙofar gidanmu, na kai masa Mayo. Ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi.

"Ya Usman, wannan jar ƙasar Umdurman ce. Tawa baƙar lakar Jazira ta sha. Mayar da abarka."

Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Sai da wani ɗan'uwa ya kawo mini lakar a ƙulli, na kankare, na sake.

Abin da ya saura na Yaya shi ne wannan hali: mutum ne da bai yarda shirun aboki yafiya ne ba. Da na koma, Malam Idi ya goga babban yatsa a gindin ƙofar direba, ya sansana. Sannan ya ajiye ta kusa da matashinsa.

"Ka zama shaida, motata ta dawo. Na yafe wa Haruna duniya da lahira. Ɗaga hannu mu yi masa Fatiha."