Kwas Ɗin Da Sista Ta Daɗe Tana Gudu

Sista, ungozomar ƙaramin asibitin ƙauyen, ba mai gudun aiki ba ce, amma da ta ji an ce kwas sai ciwo ya tashi. Yau ƙafa, gobe surukarta ba lafiya. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowa ya san dalili. Duk abokin aikin da aka tura horo birni, da hannunsa ya faɗa sai babban asibiti ya riƙe shi. Haka aka yi ta zare su har ya rage daga ita sai Baba maigadi. In ta tafi, kwaɗo za a sa wa ƙofar.

Rannan 'yar Baba ta haihu, jaririn bai yi kuka ba. Sista ta murza bayansa, ta daddaki tafin ƙafarsa, shiru, rai ya yi halinsa. Da likita mai zagaye ya zo ya ji labari, sai ya buɗe kabad ya ciro wata robar hura wa jarirai iska, ko ledarta ba a yage ba.

"Sista, ai da wannan ake tashin irinsu. A kwas ake koyarwa."

Wayyo! Abin yana bayanta duk shekarun nan. Baƙin ciki ya hana ta haɗa ido da Baba, ta tattara kayanta ta tafi kwas ɗin.

A ajin ta zage, tana hura wa 'yar tsanar roba iska har ƙirjin ya riƙa ɗagawa daidai. Malamai suka yi ta yabo, ita ko baiwar Allah har da murmushi. To, yabon nan shi ya ja mata, babban asibiti ya riƙe ta. Ta roƙa, ta yi kuka, aka ce irin wannan hannu ba na ƙauye ba ne. Aka kulle asibitin ƙauyen, awaki suka gaje barandar.

Wata ranar kasuwa aka kawo mata wata mai naƙuda daga ƙauyen a bayan a-kori-kura. Tun a hanya ta haihu. Sista ta karɓi jaririn cikin zane, ta ɗora robar, ta matsa, ta matsa, har hannunta ya sage. Jikin ya riga ya yi sanyi.

Kakar jaririn ta ƙura mata ido.

"Sista, ashe nan suka kawo ki. An ce yanzu kin iya."

"Na iya, Inna," ta ce, ta ja zanen ta rufe masa fuska.