Inna Hajara da Kurkunun Tafkinmu

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifiyata Hajara, wadda kowa a ƙauyenmu da ke kusa da Gwiwa yake kira Inna. Ba ta taɓa shiga aji ba. Amma duk sanda jikokina suka ji an ambaci kurkunu suka tambaye ni mene ne shi, ita nake tunawa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba kurkunu ya kwantar da Babanmu, ina budurwa a lokacin. Da damina ne, gero na jiran maimai. Kullum da safe Inna ke naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, tana lallaɓawa kada ta tsinke ƙafa ta kumbura. Ciyawa ta cinye gonar. Tafasa da rama ne suka riƙe mu har kaka.

Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce a jini yake. Inna ta ɗora Baba a kan jaki ta kai shi sha-ka-tafi a Kazaure. A can wata nas Kirista 'yar wajen Jos, Malama Rifkatu, ta zaunar da ita ta yi mata bayani: a ruwan tafki ake shan sa, kuma mai ciwon da ya tsoma ƙafa don jin sanyi shi ke zuba 'ya'yan tsutsar a ciki.

Tun daga ranar ruwa bai ƙara shiga randarmu ba sai an tace shi da ƙyalle. Da a nan ta tsaya da an zauna lafiya. Sai ta koma zama a bakin tafki tana tare masu ciwo. Wata safiya ga Baba Sule, ƙanen mai unguwa, yana ɗingishi zai shiga.

"Baba, don Allah dakata. Zauna a nan, ni zan ɗebo in zuba maka."

"Ke Hajara, tafkin na gidanku ne?"

"Na 'ya'yanmu ne duka, Baba. Abin da ke ƙafarka in ya shiga, baɗi su zai kwantar."

Ya yi ƙararta wurin yayansa, aka kira Babanmu aka ja masa kunne. Mata suka sa mata suna Sarkin Tafki, wasu suka daina amsa gaisuwarta. Na sha ganin ta tana share hawaye a madafi, amma gari na wayewa sai ta ɗauki tulu. Har gida take kai wa masu ciwon ruwa, Baba Sule ma bai fita a ciki ba.

Da damina ta zagayo, gidanmu da 'yan gidajen da suka bi shawararta kowa na gona, sauran gidaje kuwa kurkunu ya sake kwantar da mutane. Matar Baba Sule ce ta fara yin sallama, tana tambayar ninki nawa ake yi wa ƙyallen.

Da kuɗin mai suka zo aka gina mana rijiyar siminti, Inna ta yi murna, amma ba ta daina tacewa ba. Yau da za ta dawo, na san za ta yi hamdala da jin kurkunu ya ƙare. Na kuma san ba za ta yi shiru ba in ta ga yara na wanka a dam suna fitsarin jini, ko ana cin kifin da wuta ba ta ratsa ba. Mu kuwa gani muke mu wuce, don gudun baƙin jini.

Ba ta bar gadon gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne mutanen da suka girma da ƙafafunsu lafiya, suka yi noma suka aurar da 'ya'ya, da yawansu ba su ma san wadda ta sha zagi dominsu ba. Allah Ya sani. Allah Ya shayar da Inna ruwan Alkausara.